Notin da Ke Ɗauruwa ta Hagu

Gashin kansa ya yi fari fat, jikokinsa bakwai, amma har yau Ƙarami ake ce masa. Sunan ya samo asali ne tun suna su biyu a garejin gyaran babura da ke bayan tasha, shi da wansa. Mai kawo gyara sai ya leƙo ya ce, "Babba yana nan?" In aka ce ba ya nan, ya ce, "To Ƙarami fa?" Yau shekara ashirin da biyu da rasuwar Babba, garejin ya koma hannun Ƙarami shi kaɗai, sunan kuwa yana nan manne da shi. Yana da wani sunan kuma da ba a faɗa sai ya ba da baya. Cewa ake yi, ga wanda ya sayar da babur ɗin ɗan'uwansa yana kwance a asibiti.

Ga yadda abin ya faru. Babba yana da wani baƙin babur, tsohon yayi tun a wancan lokacin, mai ƙaton tanki da jan layi a gefe, da salansa guda doguwa. Kamfanin da ya ƙera shi ya riga ya daina yin irinsa, kayansa sun fara wuya a kasuwa. Babba kan goge babur ɗin nan da safe kafin ya wanke tasa fuskar. Da ciwon ƙoda ya kayar da shi, aka tura babur ɗin ƙuryar gareji aka rufa masa tamfol, shi kuma ya zare makullinsa ya tafi da shi asibiti, ya sa a ƙarƙashin matashin kai. Makullin ƙofar gareji yana hannun Ƙarami. Wata rana da tsakar rana zai kai wa wansa abinci, sai mijin ƙanwarsu Auta ya tare shi a hanya ya ari makullin, wai zai ɗauki jak. Da yamma ya dawo da shi har da godiya. Sai bayan kwana uku Ƙarami ya ɗaga tamfol, ya tarar da benci da tsofaffin tayoyi huɗu an jera su tsaf yadda daga nesa za ka rantse babur ne a rufe.

Mijin Auta mai sayar da kayan gyaran babura ne a layin 'yan kayan gyara. Orijina ake ce masa, don ko wayar birki da aka tsinto a kwata ka nuna masa a shagonsa sai ya ce maka orijina ce. Da maganar ta tashi, ya dafa ƙirji ya ce shi bai taɓa riƙe makullin nan ba. Ya ƙara da cewa ai ya ga Ƙarami da wani baƙo suna zagaya babur ɗin suna ƙus-ƙus, ya yi shiru ne don kada ya haɗa 'yan'uwa. A gefen gadon asibiti ya faɗi haka, murya ƙasa-ƙasa, kamar maganar tana yi masa ciwo. Babba ya juya fuskarsa bango. Duk ranar da Ƙarami ya shiga ɗakin, bangon nan wansa yake kallo, har wata huɗu, har ranar da aka ja masa mayafi. Matar Babba, wadda a da take ce wa Ƙarami "mijina na ajiya" tana ɓoye masa nama a ƙasan kwano, tun daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba.

Ƙarami ya faɗi gaskiyarsa sau ɗaya, ba a karɓa ba, bai sake ba. Mutane suka ɗauka ko dai ya haƙura, ko kuma kunya ce ta rufe masa baki. Wanda ya taɓa ganin yadda yake yi da notin da tsatsa ta cinye ba zai ɗauka haka ba. Ba ya dukansa da guduma, ba ya zaginsa kamar sauran makanikai. Mai yake ɗiga masa ya tafi harkarsa, gobe ya dawo ya ƙara ɗigawa, ko sati nawa abin zai ɗauka.

Wata safiya ya shiga filin 'yan gwangwan neman guntun bututu. Yana tsallake wani mataccen firji, sai ya hango ƙashin babur a ƙarƙashin tarin ƙarafan gado, ba taya, ba inji, tsatsa ta mai da shi ja. Irinsa sun yi yawa a da, ya sha ganinsu yana wucewa. Abin da ya tsayar da shi wata 'yar kusa ce mai zare da aka yi wa walda a gefen baya, inda ake rataya salansa. Kamfani ba ya sa kusa a wurin. Ya durƙusa, ya kai hannu ƙarƙashin wuyan ƙarfen, ya kankare tsatsa da farce. Ga su nan, ɗigo uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama.

Wannan hannun Babba ne. Lokacin da irin babur ɗin suka yi yawa a gareji, sai a kwance uku a rana guda kayansu su cakuɗe. Don haka duk wani ƙarfe na nasa babur ɗin, Babba ya ɗauki ƙusa mai tsini da guduma ya buga masa ɗigo uku a gefen da ido ba ya kaiwa. Ita kuma kusar, salansar ce ta dame shi da kwancewa saboda girgiza, sai ya yi wa ƙarfen waldar kusa mai zaren hagu, ya yanka mata noti da hannunsa. Noti ko'ina a duniya dama yake ɗauruwa, hagu ya kwance. Wannan hagu yake ɗauruwa. Notin yana nan a kan kusar, wanda ya cire salansar ya mayar da shi.

Ƙarami ya saye shi a matsayin ƙarfen awo, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Bai kai shi garejinsa ba. A kurar dako ya sa aka tura shi rumfar wani mai walda da ake ce wa Tartsatsi, abokinsa tun suna samari. Rumfar kashi biyu ce, gaba wurin aiki, baya ɗan ɗakin ajiya, langa-langa ya raba su.

Tartsatsi ya ɗaga tabaran walda ya dubi ƙarfen. "Wannan gawar fa, daga wace maƙabarta?"

"Na Yaya ne."

Tartsatsi ya kashe injinsa. Ya shafa ɗigon da yatsa. "To me za ka yi da shi?"

"Tayar da shi zan yi."

"Da wane kaya? Ko likitan babura ka kawo, wannan sai dai ya yi maka gaisuwa."

"Kayansa suna nan," in ji Ƙarami. "Ka taɓa ganin mai sayar da kayan gyara ya zubar da abu? Matarsa ma in ta tsufa ajiye ta zai yi a bayan shago, ko wani zai zo neman irinta."

Wanda bai taɓa tayar da tsohon babur ba yana ganin kamar kaya ne kawai za ka saya ka ɗaura. Kayan yanzu da na da ba ma'auninsu ɗaya ba. Za ka ga noti kamar shi, ya hau zagaye biyu lafiya, a na uku ya cije, in ka matsa ya cinye zaren, ka yi asarar noti ka yi asarar kusa. Ƙarami ya yi wata takwas yana yawo da guntun waya a aljihu wadda ya lanƙwasa daidai tazarar ramukan inji, duk ƙarfen da ya gani ya gwada masa. Tayoyi ya samu na wani babur daban, ya sake ɗinke wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Sirdi wani mai gyaran kujerun mota ya ɗinka masa, sau uku yana mayar masa da shi. Sarƙa ya sayi biyu ya haɗa guda. Bai taɓa yin aikin a gaban kowa ba. Sai ya rufe garejinsa da rana kamar zai je cin abinci, ya zagaya ta ƙofar baya ta rumfar Tartsatsi.

Injin ne ya fi ba shi wuya. A ƙarshe wani mai kawo masa gyara ya ce ya san wani tsohon mai lambu a bakin rafi da ya taɓa jan ruwa da injin irin wannan babur. Ƙarami ya je. Injin yana bayan bukka, kaji sun yi masa kashi, an ɗora shi a kan murfin rijiya don kada iska ta ɗauke. Ya kifa shi. Ɗigo uku.

"Baba, a ina ka samu wannan?"

"Wurin Orijina. A buhu ya kawo min har nan, ya ce daga jirgi aka sauke shi." Tsohon ya dubi fuskar Ƙarami, ya gane akwai magana. "Ɗauki abinka ka tafi. Amma kada ka kira ni shaida, ni ban shiga rigimar dangi ba."

A hanyar dawowa, da injin ɗaure a bayansa, Ƙarami ya tsaya a gefen titi ya zauna a kan dutse. Ya san wannan tun shekara ashirin da biyu, amma bai taɓa jin wani bakin ya faɗa ba sai yau. Ya dubi injin da ke ɗaure a kan babur. Sannan ya tashi ya karkaɗe wandonsa.

Daga nan ya fara aika Tartsatsi shagon Orijina. Labarin da suka shirya shi ne, wai wani mai kuɗi ne daga nesa, mai sha'awar tsofaffin babura, ya ba Tartsatsi aikin tayar da guda, kuma in ya ji daɗi akwai wasu biyar a hanya. Ƙarami ya ce masa duk zuwan da zai yi ya riƙa zaginsa kaɗan, don Orijina ya saki jiki. Tartsatsi ya riƙe wannan ɓangaren aikin da hannu biyu.

"Yau na ce masa kai ko fitilar keke aka ba ka ajiya sai an ƙirga batir," ya ce yana ajiye tanki a ƙasa. "Ya yi dariya har da tari."

"Kaɗan na ce maka."

"Ai kaɗan ɗin ke nan. Ban kai ga maganar kunnuwanka ba tukuna."

Kamar yadda Ƙarami ya faɗa, kayan suna nan. Abin da ke da kasuwa Orijina ya sayar tun a shekarar farko, amma da yayin babur ɗin ya wuce, sauran suka kwanta a bayan shago cikin ƙura. Tanki ya fito, murafan gefe suka fito, fitila da gidan makulli, kafireta, madafin birki. Kowanne Orijina sai ya goge shi da tsumma ya rantse bai taɓa hawa jikin babur ba. Shi mai sayarwa ne, fuskar kaya yake dubawa, bai taɓa kifa ƙarfe ya ga cikinsa ba. Ƙarami kuwa kowanne ya zo sai ya kifa shi, ya ga ɗigon, ya ɗora shi a mazauninsa, ƙarfen ya zauna daram ba sai an buga ba.

"Ya isa haka," in ji Tartsatsi ranar da aka ɗora tanki. "Kwashe su ka kai wa matar Babba. Ga ɗigo, ga ni shaida daga shagonsa suka fito."

"Zai ce wurin baƙon nan ya saye su, don kada kayan surukinsa su ɓace. Har godiya za a yi masa." Ƙarami yana goge jan layin tankin da gefen rigarsa. "Ɗigo ba shi da baki. Da bakinsa Orijina ya ɗaure ni a gefen gadon nan, da bakinsa zai kwance ni. Saura salansa, ko? Kada ka karɓo. Ka ce masa mai kuɗin zai zo ranar Asabar, yana son ganin mutumin da ke da irin wannan kaya. Ya kawo ta da kansa."

Saura ya kawo mata biyu wurin, Auta da matar Babba. Ya je gidan Auta a lokacin da ya san mijinta yana shago. Ita kaɗai ce a dangi ba ta yanke shi ba. Tana zuwa gidansa, tana aiko wa jikokinsa kaya. Amma ta taɓa ce masa, "Yaya, kowa yana kuskure in ya matsu, ni na yafe maka." Wannan yafiyar ta fi zagin sauran ci masa rai.

"Auta, so nake ki kawo min matar Yaya ranar Asabar, rumfar mai walda, ta ƙofar baya. Akwai maganar babur ɗin nan da nake so ta ji. Kada ki gaya wa kowa, har maigidanki."

Idonta ya ciko. Ta kama hannunsa. "Gara ka sauke wannan kaya, Yaya. Wallahi za ka ji sanyi."

Ya dubi hannunta a kan nasa. Wannan ce yarinyar da Babba ke ɗorawa a kan tanki tana riƙe da madubi, shi Ƙarami yana baya. 'Ya'yanta biyar da mutumin nan. In ya ce mata ta kawo matar Babba ta koma gida, zai iya raba ta da abin da za a ji. Ya yi tunanin haka har ya buɗe baki. Sai ya tuna Orijina ba kunyar matar Babba zai ji ba kamar yadda zai ji ta wadda yake komawa wurinta kullum.

"Ke ma ki zauna," ya ce. "Ina so ki ji."

Ranar Asabar da hantsi suka zo. Matar Babba ta tsufa, ta rame, amma tafiyarta tana nan a miƙe. Ta zauna a bakin benci a ɗakin ajiya, jakarta a kan cinya, ba ta dube shi ba.

"Sannu da zuwa, matar Yaya."

"Ban zo zama ba. In za ka faɗa, ka faɗa."

"Za a faɗa. Ki ɗan ba ni minti kaɗan."

Suna nan zaune cikin warin ƙarfe da ƙonannen fenti, sai ga murya daga gaban rumfar, mai ƙarfi, mai fara'a. "Ina mai wuta? Ga amaryar na kawo, ko ƙura ba ta taɓa ba." Auta ta zabura za ta miƙe. Ƙarami ya riƙe mata wuyan hannu, ya nuna mata ramukan ƙusa da ke jikin langa-langa. Ta sa ido. Matar Babba ma ta juya a hankali ta sa nata.

Babur ɗin yana tsaye a tsakiyar rumfa, baƙi wuluk, jan layinsa yana ɗaukar ido. Matar Babba ta ja numfashi, ta dafe jakarta. Orijina yana tsaye da salansa a naɗe cikin jarida, ya sha sabuwar riga saboda mai kuɗi.

"Ina babban mutumin?"

"Yana hanya," in ji Tartsatsi. "Bari mu ɗaura wannan kafin ya iso, ya tarar da abu a kammale." Ya durƙusa, ya sa sifana a kan notin nan, ya ja hagu kamar yadda kowa ke kwance noti. Ya ja, ya yi nishi, ya sa ƙafa ya taka. "Kai, wannan noti uwarsa ta yi masa baki. Tun jiya nake fama da shi. Bari in sa masa wuta in yanke kusar."

Orijina ya sunkuya ya duba. Ya dubi kusar, ya dubi waldar da ke gindinta, ya ja da baya ya ƙare wa babur ɗin kallo tun daga gaba har baya. Ya waiga titi. Ba kowa sai mai tura ruwa da ke wucewa. Sai murmushi ya bazu a fuskarsa.

"Kada ka yanke. Juya shi dama."

"Dama ai ɗaurewa ne, Orijina. Ka tsaya a kan sayarwa, ka bar mana aiki."

"Juya dai."

Tartsatsi ya juya dama. Notin ya saki kamar an roƙe shi, ya fito har tafin hannunsa. Ya buɗe baki yana kallon Orijina. "Kai ko duba kake yi a ɓoye?"

"Wane duba? Wannan ƙarfen ta hannuna ya bi. Duniya ke nan, ya zagaya ya dawo." Ya miƙa ɗan yatsansa na hagu, wanda ya karkace, farcensa bai sake fitowa daidai ba. "Ga sa hannunsa nan. Yini guda na yi ina ja hagu kamar kai, sifana ta zame ta haɗa min yatsa da ƙarfe."

"To ai ka gama da mai kuɗin nan. Abin da yake ta tambaya ke nan, wai a samo masa wanda ya san asalin babur ɗin, ko kayan duk na jikinsa ne. Ya ce wanda ya sani shi zai riƙe sauran biyar ɗin."

"Duk na jikinsa ne, har wannan salansar. Ni na kwance shi ƙarfe-ƙarfe a bayan shagona."

Tartsatsi ya sosa ƙeya. "Tsaya. Ba irin wannan ne na surukinka marigayi ba? Wanda ɓarawon ƙanensa ya sayar? Ashe kai ya sayar wa."

Orijina ya yi dariya har ya dafa sirdi. "Ƙarami? Wannan ko allura ka ba shi ya sayar sai ya dawo maka da ita ya ce ba a taya ba. Ni na tura shi da ƙafata, rana tsaka, ba wanda ya ce min kanzil. Mai shi yana kwance, kowa ya san ba tashi zai yi ba, babur yana ruɓewa a ƙarƙashin tamfol, ni kuma shagona ba kaya. Da magana ta tashi sai da aka sami wanda zai ɗauka. Shi dama ba ya iya magana, sai ya ɗauka." Ya share hawayen dariya. "Wannan tsakaninmu ne. Mai kuɗin, ce masa za mu yi gado ne."

Ƙarami ya saki hannun Auta, ya tura ƙofar langa-langa. Ƙararta kamar yagewar tsumma.

Orijina ya juyo da sauran dariya a fuskarsa. Ya ga Ƙarami. Ya ga matar Babba a bayansa. Ya ga matarsa. Dariyar ba ta san inda za ta je ba, ta tsaya a nan ta bushe.

"Wasa nake yi," ya ce. "Maganar kasuwa ce, kowa ya san yadda ake yi wa mai saye. Auta, kin san bakina."

"Ƙofar mota ka ce min ta datse ka," in ji Auta. Yatsan take kallo. "Ni na ɗaure maka shi. Sati biyu ina gasa maka, Yaya Babba yana kwance, ina barin wurinsa in zo in gasa maka."

Ƙarami ya matsa kusa da Orijina. Ya zare salansar daga hannunsa, ya warware jaridar, ya kifa ta, ya nuna wa matar Babba ɗigo uku a cikin maratayin. Ya durƙusa ya zura ta a mazauninta, ya karɓi notin daga hannun Tartsatsi, ya ɗora, ya fara juyawa hagu da yatsu, a hankali, zagaye bayan zagaye, kowa yana kallo.

Orijina ya matso, ya rage murya kamar yadda ya rage ta a asibiti. "Yaya Ƙarami, mu rufa wa juna asiri. Ko don 'ya'yan Auta. Duk abin da ka ce a yi, za a yi."

"Nawa asirin shekara ashirin da biyu yana waje, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ba ka ara masa ko tsumma ba." Ya sa sifana ya ƙara ja ɗaya. "Ba abin da nake so a wurinka. Na riga na karɓa."

Matar Babba ta zagaya babur ɗin, ta ɗora tafin hannu a kan tanki ta bar shi a nan. Sannan ta buɗe jakarta, ta tona can ƙasa, ta fito da ɗan makulli ɗaure da baƙin zare.

"Yayanka ya ce in ajiye, ko Allah zai sa a gano." Ta miƙa masa. "Ƙarami, ban san da wane baki zan..."

"Ke ba ki yi min ƙarya ba, matar Yaya. Ƙarya aka yi miki."

Ya karɓi makullin. Da ya so, da tuni ya haɗa waya ya tayar da injin, aikin minti biyu ne, amma wata takwas bai yi ba. Makullin ya shige gidansa, ya juya ƙyas. Bugu na farko injin ya yi tari, na biyu ya yi shiru, na uku ya kama, da wannan muryar tasa mai kauri, mai jinkiri, wadda duk unguwa ke gane dawowar Babba da ita. Matar Babba ta rufe fuska da mayafi. Ƙarami ya tsaya riƙe da kan babur, yana jin girgizar tana hawa hannunsa. Abin da ya so, wanda ya juya masa baya ya juyo ya ji. Wannan kam babu shagon da ke da shi.

Da ya ɗaga kai, Auta tana bakin ƙofar baya. Ba ta dubi mijinta ba. Shi ta duba.

"Ka san abin da zan ji, ka ce in zauna."

"Na sani."

Ta gyaɗa kai, ta fita. Gidan babban ɗanta ta wuce, kuma har yau ba ta taka gidan mijin ba, ba ta taka na wan ba.

Labari ya riga Orijina isa layin 'yan kayan gyara, don Tartsatsi ba a banza ake ce masa Tartsatsi ba. Ƙarami bai kai ƙara ko'ina ba, bai tara dangi ba. Abin da yake yi guda ne. Kullum da safe, lokacin buɗe shaguna, sai ya hau baƙin babur ɗin ya shiga layin a hankali, ya kafe shi daidai gaban shagon Orijina, ya bar injin yana bugawa, ya zauna a bencin mai shayi da ke tsallake. Mutane su taru suna shafa tanki. Duk wanda ya tambaye shi inda ya samu kayan wannan tsoho, sai ya nuna da kofinsa.

"Wancan shagon. Ku tambaye shi, shi ya san yadda ake kwance shi."

Orijina ya daina zama a bakin ƙofa. Ya koma can ciki bayan kanta, inda kayan suka yi shekaru suna kwance, masu saye kuma suka koyi wucewa shago na gaba.

Wata safiya Tartsatsi ya zo ya zauna kusa da shi a bencin. Ya saurari injin, ya dubi shagon da ba kowa a gabansa. "Mutumina, wata uku ke nan. Mutumin nan ya zama abin tausayi. Har yaushe za ka yi ta zuwa?"

Ƙarami ya kurɓi shayinsa, ya miƙa hannu ya buɗe murfin tanki, ya leƙa ciki, ya mayar ya rufe.

"Akwai mai tukuna," ya ce.